Kwastoman Maina

Tattasan kowa ya bar ƙauyen ban da na Maina. Tun ruwan kogin Komadugu bai gama janyewa ba manoma suka tsinke nasu, suka shanya a kan rairayi har ya bushe ƙayau, suka ɗura a buhuna, manyan motoci suka kwashe zuwa kasuwar Diffa. Shi ma Maina ya sayar da na baya-baya, mai tabo da wanda rana ta ƙona. Amma tsinkar fari, jan nan mai sheƙi wanda in ka girgiza buhu za ka ji ƴaƴan ciki suna amsawa, yana nan jibge a ɗakin marigayiya Mariama, matarsa. Ya ce wannan na Kwastoma ne, Kwastoma kuwa bai zo ba tukuna.

Kwastoma wani Bayarabe ne, gajere mai jiki, daga can kudancin Najeriya inda aka ce ruwan sama ba ya hutawa. Ya fara zuwa ƙauyen ne a shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi. Mata masu wanki a bakin kogi ne suka fara ganinsa, ya sauko daga kwalekwale yana karkarwa yana salati, don mutumin yana tsoron ruwa kamar akuya. Ya bi wuraren shanya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki tattasai ya karya, ya shinshina, ya ajiye. Da ya iso shanyar Maina sai ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba. Can ya ɗago kai ya ce, "Kwastoma, wannan taka ce?"

Maina ya waiga baya don ya ga wanda ake kira. A lokacin kalmar ba ta iso ƙauyensu ba. Sai daga baya ne ta cika kasuwa, har mai ƙosai ma ta yi nata kwastomomin. Ranar dai ciniki ya kai su har magariba, mai kwalekwale ya ɗaure jirginsa ya tafi gida, baƙo ya rasa wurin kwana. Maina ya ja shi gidansa, Mariama ta ƙara gari a tukunya. Da gari ya waye sai ga Maina shi ma yana ce masa Kwastoma, don ya ɗauka abin na mayarwa ne, kamar sallama.

To, a kwarin nan ba a tsare baƙo da tambayar suna. Wannan aikin jandarma ne da ɗan duwan mai binciken kaya a kan iyaka. Baƙo dai ka ba shi ruwa, ka shimfiɗa masa tabarma, in ya ga dama ya faɗi ko shi wane ne, in bai faɗa ba ka ƙyale shi. Shekarar farko ke nan. A ta biyu Maina ya yi niyyar tambaya, hira ta ɗauke masa hankali. Daga nan kuwa abin ya koma abin kunya. Mutumin da ya san inda butarka take, ya sa hannu a akushinka, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kai a sahu, da wane baki za ka dube shi ka ce, af, wai yaya sunanka? Mutanen ƙauye suna ce masa baƙon Maina, wasu su ce Alhaji, hakan kuma ya ishi kowa. Aka yi sama da shekara goma a haka, kowace kaka yana zuwa, ya kwana biyu, ya ɗauki tsinkar fari ya koma.

Hausa kam ta sha wuya a hannun mutanen nan biyu. Ɗaya ya tashi da Barbarci, ɗaya da Yarbanci, suka haɗu a tsakiya suna mai da namiji mace, mace namiji, ba mai gyara wa wani. Duk da haka babu abin da ba su faɗa wa juna ba. Maina ya san Kwastoma yana da ɗiya mai koyon aikin asibiti, ya san shi da ƙanensa ba sa ga maciji a kan wani gidan gado, ya san gwiwarsa ta hagu tana damunsa in sanyi ya sauko. Ya san a garinsu akwai itatuwan goro da rufin kwano mai tsatsa iya ganinka. Sunan garin ma an taɓa faɗa masa, amma ya yi wa harshensa nauyi, bai riƙe ba. Me zai yi da shi? Ai mutumin ne mai zuwa, ba shi ne mai tafiya ba.

Shekarar da Mariama ta rasu, Kwastoma ya iso da kaka bai san an yi ba. Ya shigo gidan yana kiran uwargida, da turmin atamfa a hammata. Da aka faɗa masa sai ya zauna a ƙofar ɗakinta, atamfar a cinyarsa. Ya ƙara kwanaki a kan yadda ya saba, bai ambaci tattasai ba sai ranar tafiya. Shi ne ma ya riƙa hura wuta yana dafa musu wata miyar manja mai yajin tsiya, wadda duk loma sai ta kawo wa Maina hawaye. Maina ya ji daɗin miyar nan ƙwarai, don ta ba shi abin fakewa.

Bayan haka gidan ya yi shiru. Babban ɗansa ya tafi tafki kamun kifi ya yi iyali a can, ƙaramin ya bi motocin Libiya sai dai labari jefi-jefi, ɗiyarsa Jummai kuma tana aure a Diffa. Shi Maina dama ba mai shiga mutane ba ne tun yana saurayi. Yana zuwa masallaci, ba ya fashin gaisuwar mutuwa ko ta suna, amma hirar da mutum zai miƙe ƙafa ya buɗe cikinsa, sau ɗaya yake yinta a shekara, da kakar tattasai. Kaɗaici yana damunsa, sai dai ba ya faɗa.

Bara mutumin ya zo a rame yana tari, ya ce ba komai, wahalar hanya ce. Bana kuwa ruwan kogi ya ja baya, ya tsinke ya zama kududdufai, ya ƙafe har shanu suna ƙetarawa da ƙafa, babu Kwastoma babu saƙonsa.

Alhaji Rufa'i, wani Badamagare mai sayen tattasai a Diffa, ya yi ta aikowa, daga baya ya zo da kansa. Ya leƙa ɗakin, ya shaƙi iskar ciki, ya gaya wa Maina gaskiya tsirararta: zafi ya fara cin jan, in damina ta same shi a nan zai yi baƙi ya yi fumfuna, ko kyauta ba mai ɗauka. Maina ya san haka, ai ba yau ya fara noma ba. Kullum in ya buɗe ɗakin da safe yana jin ƙanshin yana sauyawa. Amma a ce bawan Allah ya sha wannan doguwar hanya da ciwon gwiwa, ya iso ya tarar an sayar da kayansa? Ya ba Rufa'i haƙuri, ya raka shi har bakin mota.

Wata Talata ya shiga Diffa. Ya zagaya kasuwar tattasai daga wannan baki zuwa wancan yana duban fuskokin baƙi. Ko'ina ya juya sai ya ji ana kwastoma zo nan, kwastoma ga mai kyau, kowane kira kuma sai ya waiga. Da rana ta take ya gaji, ya wuce gidan Jummai. Ita kuwa ba ta ɓoye damuwarta ba. Ta ce noman shekara guda ne yake ruɓewa a ɗaki saboda mutumin da ko sunansa Baba bai sani ba, in ma nemansa za a yi, wa za a ce ana nema?

A zauren gidan akwai wani ɗan haya, Mushe Bilal, malamin Ingilishi a kolej. Shi ma baƙo ne a garin, iyalinsa suna Damagaram, in an tashi lakwal ɗalibai sun watse ba shi da abokin zama sai butar shayinsa. Da Jummai ta ce ai turancin Najeriya yake koyarwa, sai Maina ya ɗauki takalmansa ya fita wurinsa. A tunaninsa, tunda wannan kalma ta kwastoma ita kaɗai ya riƙe ta mutumin, bari ya ji abin da ke cikinta, ko ta nuna masa wata hanya.

Bayan sun gaisa ya ce, "Mushe, wannan magana da ake cewa kwastoma, mi ke cikinta?"

Fuskar Bilal ta washe. Ya daɗe a garin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa wani abu na Ingilishi a wajen aji, su ma na ajin ba don Allah suke tambaya ba. Ya gyara zama, ya rage wutar gawayi, ya shiga bayani. Ya ce uwar kalmar ita ce kastom, ma'anarta al'ada, abin da aka saba yi. Su ma Ingilishin aro suka yi daga tsohon Faransanci, ita ce kutum ɗin nan da ake ji a ofis in ana zancen sarakunan gargajiya, Faransawan kuma sun gaje ta daga wani tsohon harshe na Rumawa inda take nufin sabo. Ya ce a da can har mai karɓar kuɗin fito a bakin teku haka ake kiransa, don kuɗi ne da aka saba biya, shi ya sa mutanen Najeriya suke ce wa ƴan duwan kwastan. Daga baya ne ta zauna a kan mutumin da ya saba zuwa wuri guda yana saye.

Maina ya saurara da kyau. Zancen Rumawa ya bi ta kansa ya wuce, amma sabo ya gane, ya kuma ji daɗinsa. Ya tambaya ko shi wanda yake sayarwa haka suke ce masa. Bilal ya ce a'a, a wurin masu harshen mai saye kaɗai ne kwastoma. Mu ne a kasuwanninmu muka raba ta biyu, mai saye ya riƙe gefe, mai sayarwa ya riƙe gefe. Maina ya gyaɗa kai. Sai ya murza gemunsa, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"In mutum ya daina zuwa fa?"

Bilal bai san labarin ba, sai ya amsa yadda zai amsa wa ɗalibi. "Ai shi ke nan, Baba, ya tashi daga kwastoma. Ba zumunta ba ce, ba alkawari ba ne. Yau yana saye wurinka, gobe in ya samu mai sauƙi ya koma can, ba wanda zai ce ya yi laihi."

Yana rufe baki ya ga yadda fuskar dattijon ta yi, ya gane ya taka wani wuri. Ya yi saurin zuba masa shayi, yana cewa ai wannan zancen masu harshen ne, mu namu daban. Maina ya shanye, ya yi godiya, ya sa albarka, ya tashi.

A motar komawa maganar ta yi ta cinsa. Abu biyu ne ke nan: ko dai mutumin ya samu wani wuri mai sauƙi ya bar shi, ko kuma wani abu ya same shi. In na farko ne, to duk shekarun nan shi kaɗai yake abota, wancan ciniki yake yi. In na biyu ne kuwa, bai ma so ya ƙarasa tunanin. Ya binciki zuciyarsa ya ga bai san wanne ya fi so ya kasance ba, abin ya ba shi kunya matuƙa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa, Maina ya ga zama ba nasa ba ne. Ya ƙetare kogin da ƙafa, rairayi yana ƙona masa tafin sawu, ya samu mota a wancan gefen zuwa Damasak, don ya san ta nan Kwastoma yake biyowa. A rumfar dillalan tattasai ya yi sallama, ya ce kwastomansa yake nema. Dillalan suka dubi juna suka tuntsire da dariya, wani ya nuna kasuwar gaba ɗaya da hannu ya ce Baba ya zaɓa. Maina ya daure ya fara kwatance: Bayarabe ne, gajere, mai tsage a kumatu. Suka ce ai rabin masu zuwa nan haka suke. Ya ce yana ɗingisa ƙafar hagu, yana karya tattasai ya shinshina kafin ya yi magana, yana tsoron ruwa.

A nan ne wani dattijon dillali mai suna Laminu, wanda tun ɗazu bai yi dariya ba, ya ajiye buhun da yake ɗinkewa. Ya tambaya ko wannan ne mai hayewa Nijar duk shekara, ya je ya kwana a wani ƙauye. Maina ya ce shi ne. Laminu ya jawo masa benci ya ce ya zauna, ya aika a kawo ruwa. Tun daga wannan kawo ruwan Maina ya gane.

Laminu ya ce wani direba ne ya kawo musu labari tun bayan damina, tarin nan ne ya kwantar da shi a garinsu, bai tashi ba. Maina ya yi salati a hankali. Ya tambayi garin, Laminu ya ce ko Ilori ne ko gaba da nan, shi dai bai tabbatar ba, direban kuma ya bar wannan hanya. Ya tambayi sunan, yana jin nauyin tambayar a bakinsa. Laminu ya buɗe hannu ya ce su dai Alhaji suke ce masa.

Har Maina ya miƙe zai tafi, Laminu ya ƙara da cewa, "Ashe kai ne. Kullum muna mishi faɗa, ga tattasai nan jibge a Damasak, ba shiga ruwa, ba duwan, ba ɗawainiya, mi zai kai shi ƙetare? In ya dawo ko ribar kirki ba ya hitarwa. Sai ya ce mu bar shi, yana da mutum a can."

Maina ya koma ya zauna a kan bencin. Abin da ya zo nema ya samu, har da wanda bai sa rai ba, amma babu ko ɗaya da zai iya komawa da shi ya nuna wa wani. Ya daɗe a zaune. Dillalan suka ci gaba da cinikinsu a hankali, ba wanda ya sake dariya.

Da ya dawo gida ya aika wa Alhaji Rufa'i. Aka fito da buhunan tsakar gida aka zazzage. Na sama da sauran ja, na ƙasa kuwa ya yi baƙi ya dunƙule, sai bayan gari aka kai shi. Rufa'i ya ɗauki abin da zai ɗauku, bai ce ai na faɗa maka ba, Maina kuma ya gode masa a kan haka. Da abin da ya samu ya sayi shinkafa da mai da goro, ya aika wa Jummai ta zo ta yi masa waina, ya gaya wa liman yana son a yi wa wani mamaci addu'a ran Juma'a bayan an sauko.

Mutane sun zo, don Maina bai taɓa ƙin zuwa na kowa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ajiye kwanukan waina a tsakiya. Liman, Malam Ilu, ya yi karatu, jama'a suka bi shi da salati. Da ya zo wurin addu'a sai ya juyo ya rage murya.

"Maina, wa za mu ambata? Sunan mamacin, da na mahaihinshi in ka sani."

Kowa ya juyo yana jira. Maina ya san tarin mutumin, ya san yadda yake lanƙwasa ƙafa in zai yi sujada, ya san abin da ke tsakaninsa da ƙanensa, ya san ɗanɗanon miyarsa. Baƙin ciki ya taso masa, tare da wata kunya irin wadda bai taɓa ji ba a gaban mutanen garinsu.

"Ban tambaya ba, Malam."

Malam Ilu ya dube shi ya ce, "To da mi kake kiranshi?"

"Kwastoma."

Wani a baya ya fara dariya ya haɗiye ta, ya mai da ita tari. Malam Ilu bai ko waiga ba. Ya ɗaga hannuwa, ya jero addu'o'insa na Larabci yadda ya saba, sannan ya sauko Hausa ya ce, "Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Kwastoma, baƙon Maina. Kai Ka san sunanshi, mu ba mu sani ba." Jama'a suka ce amin, aka shafa.

Aka ci waina, aka raba goro, mutane suka watse da ɗai-ɗai da bibbiyu. Jummai ta wanke kwanuka a gurguje don kada motar Diffa ta bar ta, ta yi masa sallama, ta ce ta rufe masa sauran a kwano. Bayan la'asar ba kowa a ƙofar gidan sai shi, yana naɗe tabarmi.

Yana cikin naɗewa sai abin ya dawo masa: Malam Ilu da rawaninsa da gemunsa, hannu a sama, yana kiran kwastoma a tsakiyar addu'a kamar mai talla a kasuwar Talata, ga kuma wancan yana fama da dariya a baya. Murmushi ya kufce masa, har ya yi ƴar dariya shi kaɗai. Ya ce a ransa, wallahi bari Kwastoma ya zo ya ji wannan, sai ya riƙe ciki.

Sai ya tsaya cak, tabarmar rabi a naɗe a hannunsa. Ya daɗe a haka kafin ya ƙarasa naɗe ta, ya jingine ta a bango, ya shiga gida.